Makaɗin gangar zamani a Kaduna: me zai fara saye, kuma ta ina kuɗin ke shigowa?

Wani matashi ɗan shekara 21 daga Kakuri ya aiko da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan yana buga saitin ganga a majami'arsu, yanzu wata ƙungiyar kiɗan zamani ta fara kiransa biki, kuma ya tara 'yan kuɗi. Yana son ya san ko sana'ar nan za ta iya riƙe mutum da iyalinsa, ko ya zuba kuɗinsa ya sayi saiti, da kuma yadda ake rabon abin da aka samu ba tare da an cuce shi ba.

Ƙanenmu, sannu da ƙoƙari. Sana'ar tana riƙe mutum, amma kuɗin daren biki kaɗai ba ya riƙe kowa har tsufa. Makaɗan da muka ga sun tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda suka mallaki wani abu bayan hannunsu: kayan kiɗa, ko suna a takardar ƙungiya, ko kaso a cikin waƙar da aka ɗauka. Za mu zo kan wannan, amma sai ka fara sanin kasuwar da za ka shiga.

Kaduna ba baƙuwar ƙungiyar kiɗa ba ce. Marigayi Bala Miller ya riƙe babbar ƙungiya a garin nan a shekarun 1970 da 1980, da makaɗa da masu busa kowa da kayansa a kan dandamali. Yau aikin ya rabu gida-gida. Mafi yawan aikin mai saitin ganga yana majami'u ne, musamman daga Barnawa da Narayi zuwa Sabon Tasha da Television da Kakurinku, sai otal-otal da wuraren shaƙatawa masu ajiye ƙungiya a ƙarshen mako, sai bukukuwan aure da na kamfanoni. Akwai kuma badujalar soja da ta 'yan sanda, inda makaɗi ke samun albashi da fansho, ga wanda zai iya ɗamara. A bukukuwan Tudun Wada da Unguwan Rimi da Kawo kuwa, mafi yawa DJ ake kira, mawaƙi ya zo ya bi sautin da aka riga aka ɗauka, masu kalangu su ci nasu rabon. Waƙoƙin Hausa na sitidiyo ma da fiyano da kwamfuta ake haɗa kiɗansu, ba a cika neman mai ganga ba. Ka san wannan tun yanzu don kada ka yi lissafi da kasuwar da ba taka ba. Aikin kuma na lokaci ne: Disamba da bayan Ista da bayan sallah ana rububin makaɗa, azumin Musulmi da na Kirista kasuwa ta kwanta, da damina taron fili kan watse saboda ruwa.

Abin da shugaban ƙungiya ke saye a wurinka shi ne lokaci, wato kiɗa ya tafi a ma'auni ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Salon zagaye ganguna da sauri yana burge yara a bakin dandamali, amma ba don shi ake sake kiran mutum ba. Ka sauke manhajar metironom, mai ƙirga maka bugu a ma'auni ɗaya, a wayarka, kyauta ce. Ka sa ta a bugu 60 a minti, ka yi minti 40 kullum: minti goma dama hagu dama hagu, minti goma dama biyu hagu biyu, minti goma na haɗin da ake kira faradidil, wato dama hagu dama dama, hagu dama hagu hagu, sai minti goma na ƙafafu kaɗai. Kada ka ƙara sauri sai bugun ya fita tsaf, kuma biyar-biyar za ka riƙa ƙarawa. Ba sai da ganga ba. Guntun tayar mota da aka kafe a kan katako ya isa, maƙwabta ma sun huta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara sauri bayan an zagaye ganguna ko idan amshi ya ɗau zafi. Dalilinsa mutum yana riƙe numfashi, kafaɗunsa su sandare, sai hannu ya riga kunne. Maganinsa ka sa manhajar ta yi ƙara na gaɓa huɗu ta yi shiru na gaɓa huɗu, ka ga ko za ku sake haɗuwa daidai in ta dawo. Ka riƙa ɗaukar kanka da waya a wurin gwaji, ka saurara washegari. Da zafi, amma babu malamin da ya fi wannan gaskiya.

Dole ka iya hailaif da afrobit da rege da makosa da kiɗan yabo na majami'a. Abin da ke bambanta makaɗin Kaduna da na wani gari shi ne iya zama da kiɗan gida. Kiɗanmu na gargajiya da yawa tafiyar uku-uku yake yi, ɗaya biyu uku, huɗu biyar shida, kuma wanda ya saba da huɗu-huɗu kaɗai sai ya yi ta tuntuɓe a cikinsa. Ka nemi mai kalangu ka zauna da shi, ka girmama shi, ka saurara. In kun haɗu a dandamali ɗaya, ka riƙe masa ƙasa da gangar ƙafa da hayihat, wato farantan nan biyu da ake haɗawa da ƙafa, ka bar masa sama, domin kalangu magana yake yi, in ka cika wurin da tom, wato gangunan nan da ake zagayewa, ka toshe masa baki. Haka nan ka koyi buga ƙasa-ƙasa. Ɗakin taro mai tayil da rufin kwano yana ninka ƙara, kuma uwar amarya ba za ta ce mai ganga ya iya ba, cewa za ta yi ƙungiyar nan ta hana mutane gaisawa.

Yanzu batun kuɗin da ka tara. Shawararmu kada ka fara da cikakken saiti. Yawancin wuraren da za a kira ka akwai ganga a ajiye, ko ta majami'a ko ta mai hayar kayan sauti, kuma abubuwan da ke lalacewa a jikinta kullum guda huɗu ne: fedar ƙafa, da sineya, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙarƙashinta, da farantan simbal, da kujera. Su za ka fara mallaka, don da su kake fitar da sautinka, kuma suna shiga Keke Napep tare da kai. Sineya mai faɗin inci 14, sai simbal: hayihat inci 14, kirash inci 16, rayid inci 20. Sanduna lamba 5A su ne na kullum, 7A sun fi sirantaka don ƙaramin ɗaki, 5B sun fi kauri don fili. Kafin ka biya, ka gangara kowace sanda a kan teburin shagon. Wadda ta yi rawa a karkace take. In ƙarfinka ya kai cikakken saiti daga baya, wanda aka fi amfani da shi shi ne gangar ƙafa inci 22, tom biyu na inci 10 da 12, da tom na ƙasa inci 16. In kai ne mai ɗauka da saukewa, gangar ƙafa inci 20 ta fi sauƙin shiga mota, kuma da makirfo a gabanta ba wanda zai gane bambanci.

Tsohon saitin Yamaha ko Pearl ko Tama ko Mapex mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, wanda ƙarafansa ke lanƙwashewa cikin wata shida. Yawancin kayan nan daga kasuwar Alaba ta Legas suke hawowa, don haka in za a aiko maka ne, ka sa wanda ka yarda da shi ya duba da idonsa. Ga abin da ake dubawa. A cire fatar, a kifa gangar a kan gilashi ko tebur mai santsi, a haska tocila a ciki. In haske na fita ta ƙarƙashin bakin, bakin ya ci, kuma wannan ganga ba za ta taɓa ɗauruwa daidai ba. A auna faɗinta da tef ta fuska biyu, in awon ya bambanta ta daina zama da'ira. A juya kowane kusar ɗauri a ji ko yana kamawa. Simbal kuma a rataye shi a yatsa a ƙwanƙwasa: mai lafiya ƙararsa na tafiya a hankali har ta mutu, mai tsaga yana zizar ƙudan zuma. A duba ramin tsakiya, in ya zama kamar ramin makulli to an daɗe ana buga shi ba robar kariya. Kuma ka san ƙarfen da kake saye. Masu kyau na tagulla ne, wanda ake kira B20, kashi 80 jan ƙarfe kashi 20 kuza. B8 yana biye, yana da kaifin sauti kuma ya fi araha. Na wani ƙarfe mai launin rawaya da ke zuwa kyauta da sabon saiti, shi kam murfin tukunya ne. Tambarin Zildjian ko Sabian a jikin faranti ba hujja ba ne, ana buga na jabu, kunne ne alƙali.

Ɗaurin fata ba wuya. Ka ɗaure duk kusoshin da yatsu har su tsaya, sannan ka ɗauki makulli ka riƙa ba kowanne rabin juyi, kana tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaya gefen da ke fuskantarsa, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. Ka ƙwanƙwasa inci ɗaya daga kowane kusa, ka daidaita har duk su yi murya ɗaya. Fatar ƙasan sineya tana son ɗauri sosai, in ta yi sako-sako wayoyin ba sa amsawa. Gangar ƙafa a sa mata ƙaramin matashi a ciki yana ɗan taɓa fatar, kada a cusa mata bargo har ta shaƙe. Fatar roba ba ta damu da sanyi da raɓa kamar fatar akuya ta kalangu ba, amma yanayin garin nan yana cin sauran kayan. Ƙurar hunturu tana shiga sarƙar feda da ƙwallayenta, sai ka ji tana ƙara tana nauyi. A goge, a ɗiga man keken ɗinki. Da damina tsatsa ke kama kusoshi, ɗan basilin a bakin zaren kowanne yana hanawa. A zafin Maris da Afrilu kada ka bar ganga a but ɗin mota ko a rana, rufin robar jikinta yana kumbura ya ɓare. Ka sayi guntun kafet ka riƙa yawo da shi, don a kan tayil gangar ƙafa guduwa take yi, kana bugu tana nisa da kai. A jakarka kullum a samu makulli biyu, sanduna aƙalla ƙafa uku, sifirin na feda, igiyar ɗaure wayoyin sineya, abin riƙe farantin hayihat na sama, salatif, da filaya. Ƙarfen tsayar da simbal in ya karye mai walda a Panteka zai gyara, amma simbal ba a masa walda. In ya fara tsagewa, a huda ƙaramin rami a daidai inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba. Abin da ke fasa shi tun farko shi ne ɗaure shi tamau da dukansa kai tsaye a baki. A bar shi yana lilo, a riƙa shafarsa ta gefe.

Ka kula da kunnenka, domin ba a sayar da shi a kasuwa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne ƙara mai desibel 85 awa takwas ce iyakarta a rana, kuma duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu. A desibel 100 saura minti 15, kuma saitin ganga da sifika a bayanka suna wuce haka. In ka koma gida kunnenka na ƙugi, ɓarna ta fara. Abin toshe kunne na soso ma ya fi babu. Kujera kuma ka ɗaga ta yadda cinyoyinka za su ɗan gangaro ƙasa, in ba haka ba ciwon baya zai same ka kafin ka kai talatin. Za kuma a miƙo maka ƙwaya ko abin sha a ce yana ƙara ƙarfin raba dare. Abu na farko da yake ɗaukewa shi ne lokacin nan da ake biyanka dominsa.

To, rabon kuɗi. Makaɗi iri uku ne: ɗan haya da ake biya kuɗin dare a sallame shi, ɗan ƙungiya mai kaso, da mai ƙungiya. Ka tambayi shugabanku a fili wanne ne kai, cikin ladabi, tun kafin a saba. In ɗan haya ne kai, ka faɗi kuɗinka kafin ranar, har da na mota da na gwaji. In mai kaso ne, ga tsarin da ke hana rigima. A ce, don misali kawai, an yi cinikin biki naira 300,000. A fara cire kuɗin motar kaya da hayar sifiku da man janareto, a ce 90,000, saura 210,000. A cire kashi goma cikin ɗari, 21,000, a zuba a asusun ƙungiya don gyaran kaya. Saura 189,000. In ku shida ne, a raba gida bakwai, kowa 27,000, kaso na bakwai na wanda ya samo aikin ne kuma ya ɗauki nauyinsa. In da saitinka aka yi aikin, hayarsa tana cikin abin da ake cirewa tun farko, daban da ladan hannunka. Mutane da yawa suna jin kunyar faɗin wannan, har fata ta fashe su saya da kuɗinsu.

Liƙi shi ne ya fi raba ƙungiyoyi. A yanke tun a gida: abin da aka liƙa wa mawaƙi na kowa ne ko nasa? Mutum ɗaya ya tattara, a ƙirga a gaban mutum biyu kafin a bar wurin. Ka kuma san cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma a 2024 hukumar EFCC ta kai sanannun mutane kotu a kan haka. Ajiye kwano ko akwati a gaban dandamali, da lambar asusu a rubuce babba, ya fi kwanciyar hankali. Wurin mai biki kuwa, rabin kuɗi kafin alƙalami ne, ragowar kafin sanda ta taɓa fata, domin bayan an tashi ango ba ya ganuwa. A rubuta a WhatsApp ko a takarda: rana, wuri, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuɗin ƙarin awa, wa zai kawo wuta, da abin da zai faru da kafin alƙalami in an ɗage biki ko an sa dokar hana fita. Taron siyasa a karɓi kuɗi duka tun kafin a loda kaya.

Akwai makaɗa biyu da ya kamata ka san labarinsu. Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, ya yi wa Fela Kuti kiɗa tun daga 1964 har ƙarshen shekarun 1970, kuma duniya ta yarda da hannunsa aka gina afrobit. Duk da haka saɓani a kan kuɗi da rashin ba shi haƙƙinsa a waƙoƙin na cikin abin da ya raba su. Ya koma Turai ya gina sunansa da kansa, ya rasu a Faris a 2020. Ɗayan kuma Dave Clark ne na Landan, mai gangar ƙungiyar Dave Clark Five a shekarun 1960. Ba wanda zai ce hannunsa ya kama ƙafar na Allen. Amma shi ne manajan ƙungiyarsa, shi ke shirya ɗaukar waƙoƙin, kuma ya riƙe mallakar ainihin faifan, kamfanoni haya kawai yake ba su. Ƙungiyar ta watse a 1970, shi kuwa ya ci gaba da cin moriyar faifan shekara da shekaru. Abin lura a nan shi ne waƙar da aka ɗauka haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara baiti da karin, da na wanda ya mallaki ɗaukar. Salon ganga shi kaɗai ba a cika lissafa shi a matsayin tsara waƙa ba, don haka makaɗin da aka biya kuɗin sitidiyo ya tafi, ba shi da ko ɗaya sai in an rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta san da haƙƙin mai wasa, Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da ita, MCSN kuma ke karɓar kuɗin amfani da waƙa a madadin mambobinta. Amma doka ba za ta ƙirƙiro maka yarjejeniyar da ba ku yi ba. Ranar da kuka ɗauki waƙa, kafin kowa ya fita, a rubuta sunan waƙar, sunan kowa, da kason kowa cikin ɗari, a sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar. In waƙar wani ce aka kira ka ka buga, ka zaɓa da idonka a buɗe: kuɗi mai kauri yau, ko kaɗan yau da kaso gobe. Sunan ƙungiya ma a yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba ko sunanka na cikin masu shi. Haka shafin YouTube da asusun da ake ɗora waƙoƙi: wanda ke riƙe da kalmar sirri da lambar bankin da ke jiki, shi ke riƙe da ƙungiyar, ko me aka faɗa da baki.

Sauran ƙofofin kuɗin a taƙaice suke. Koyar da yara a makarantun kuɗi da majami'u yana kawo abu duk wata, har a lokacin da biki ya ɗauke. Koyon haɗa kiɗa a kwamfuta da FL Studio ko Cubase yana buɗe maka sitidiyon mawaƙan Hausa, inda ba a neman saitinka amma ana neman kunnen wanda ya san inda bugu ke zama. Hayar saiti tana biya in ka bi ƙa'ida: a ƙirga kowane ƙarfe a takarda, yaronka ya bi kayan ya dawo da su, simbal ɗinka masu kyau kuma ba sa fita haya ko wa ya roƙa. In kana da wata sana'a a hannu, kada ka sake ta sai kiɗa ya shekara biyu yana biyan hayar ɗakinka da abincinka har a watannin da ba biki.

Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowane aiki: rana, wuri, abin da aka yi alkawari, abin da ya shigo hannu, abin da ka kashe a mota. Daga kowane aiki ka ware kuɗin sanduna ƙafa ɗaya da wani abu na fata, domin mai bugu duk mako yana canza fatar saman sineya kusan duk wata uku zuwa shida, da zarar tsakiyarta ta lotsa ko ta daina riƙe ɗauri. Bayan wata shida littafin zai nuna maka wace ƙungiya ce ke biya da gaske, wace ce ke cinye maka kuɗin mota, da kuma ko lokacin sayen cikakken saitin ya yi.